Ranar da Farfela Ta Sha Iska a Fadamar Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ko addu'a ba mu tsaya an shafa da mu ba. Mu uku ne a gaban akori-kura: ni, da ƙanena mai walda, da direba, wani abokinsa ɗan Sanyinna wanda bakinsa ba ya hutawa. A bayan motar kuwa ga abin da ya sa masu fitowa daga masallaci suka tsaya suna kallonmu, wato jirgin ruwan ƙarfe da ƙanen nawa ya ƙera da hannunsa, an tamke shi da igiya, kusan rabinsa na leƙe a waje. Ku da kuka yi ta tambayata a ƙarƙashin hoton nan da na saka, wai ina na samu jirgi ni da ko iyo ban iya ba, to ga labarin. Har yanzu da nake rubutun nan jikina bai gama komawa daidai ba.

Tun da rani yaron nan yake fama da jirgin a bayan shagonsa. Yana kallon wasu Turawa a waya, yana auna ƙarfe, yana yankewa, mu kuwa a gida mun ɗauke shi a matsayin wanda aiki ya yi wa kaɗan. Kwatsam ya kira ni ina Sakkwato, ya ce in zo in raka shi gwajin jirgi, kuma akwai kaya da za mu ɗauko a ƙetaren ruwa. Na zo ne da niyyar in yi dariya in koma. Da na shiga gaida tsohuwarmu ne ta gaya mini ko mene ne kayan. Matarsa ce. Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye can wajen Fakku, kuma cikin fari ne. Tun kafin ta tafi aka faɗa mata a wurin awo cewa ɗan a gicciye yake kwance, kada ta kuskura ta haihu a gida. An yi shawara za ta dawo kafin watanta ya kama, sai ruwa ya riga kowa, ya shafe hanyar ƙauyen. Ga shi watan ya kama.

Na fito daga ɗakin tsohuwa na same shi yana ɗaure jarkar mai, na tsaya ina kallonsa kawai. Wai kaya. Mutum matarsa na tsakanin rai da mutuwa, amma saboda cikin fari ne ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa yayansa ba. Na so in zazzage shi, sai na ga idanunsa sun faɗa, alamar ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Na haɗiye maganar na kama masa igiya.

Hanyar Kebbe a wannan damina sai haƙuri. Kwalta na nan a wasu wurare, a wasu kuma ta yi sallama, ta bar ramuka cike da jan ruwa wanda ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Duk ramin da muka shiga sai jirgin ya yi ƙara a baya, ƙanena ya juya da sauri kamar an taɓa masa ciwo. Amma gonaki sun yi kyau, masha Allah. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, wake ya shimfiɗa a ƙasa. Direba kuwa tun daga fitowarmu yake ba mu labarin yadda ya taɓa tuƙa tirela zuwa Legas, labarin da na tabbata bai faru ba, domin duk inda ya kai tsakiya sai tirelar ta canja launi.

Mun tsaya a wani ƙauye muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, har na tambayi mai suyar ko waken ne ya yi rama. Ta ce in je in tambayi mai sayar da man gyaɗa. A nan muka ƙara man fetur a wurin masu sayarwa a galan, farashin da suka faɗa ya sa direba ya yi shiru karo na farko tun asuba. Ƙanena bai yi ciniki ba ko kaɗan, ya biya, ko kokonsa bai shanye ba ya koma mota ya zauna yana jiranmu.

Da hantsi muka ratsa Kebbe, mutane na nuna mu da hannu, wasu 'yan acaɓa har suka biyo mu don su ga inda za a kai wannan abu. Muka bar titi muka bi wata hanyar shanu, har inda ƙasa ta ƙare. Jama'a, ban taɓa ganin ruwa haka a ƙasarmu ba. Fadamar da na sani ana noman shinkafa ta koma fari fat har iyakar gani, sai kawunan itatuwa nan da can. Masu kwalekwale na zaune a gindin wata bishiya da gorarsu ta tuƙi. Su suka yi mana bayanin abin da ya hana a ɗauko yarinyar, matar ƙanen nawa, tun tuni. Ruwan ya fi ƙarfin babur, amma a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, don haka jirgi mai inji ba ya bi, farfela, wato fankar da ke tura jirgin, na taɓa yashi ta karye. Kwalekwalen gora kuma yini guda yake ci, ga shi siriri, ba wanda zai yarda ya ɗora mace mai tsohon ciki a kai ya ratsa gulbin da ke tsakiya.

A nan na fahimci abin da yaron nan ya ƙera. Gindin jirgin a shimfiɗe yake kamar faranti, amma daga tsakiya zuwa baya ya yi masa wani rami dogo a ƙasa, wanda yake kira kwararo. In jirgi na tafiya, ruwa na bin kwararon ya hau sama ya sami farfela, don haka ba sai an nutsar da injin can ƙasa ba. Shi kuma injin ba a jikin jirgin yake kai tsaye ba. Ya ɗaura shi ne a kan wani faifan ƙarfe da ya haɗa da jak ɗin mota, in ya murɗa sai injin ya hau, in ya warware sai ya sauka. Duk aikin ranar, in ji shi, shi ne a gano daidai inda injin zai tsaya.

Masu kwalekwale suka taya mu sauke jirgin, suna yi suna dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya ce, "Wanga in bai yi tahiya ba, a ba ni shi in shanya kihi." Ƙanena ya ci gaba da aikinsa. Ya sa muka cika buhuna da yashi, ya jera su a kan bencin tsakiya da na baya, inda ya ce mutane za su zauna. Ya ce jirgi da nauyi ake gwada shi, ba fanko ba.

Gwajin farko injin na can sama. Yana ba shi wuta sai ya kwarma wani ihu da ya tashi balbelu daga kan itace, ruwa ya yi kumfa a baya, jirgi kuwa ko motsi. Ya kashe da sauri ya ce farfela na shan iska. Ya nuna mini wani ɗan siririn ruwa da ke tsartuwa daga gefen injin, wanda makanikai ke kira fitsarin inji, ya ce in sa masa ido, da zarar ya ɗauke to injin na ƙonewa ne. Haka na zama mai gadin fitsari, ni da na zo da babbar riga. Ya warware jak ɗin ya sauke injin sosai. Wannan karon jirgin ya tafi, amma ba mu yi nisa ba na ji wani gurzawa a ƙarƙashinmu, ruwan baya ya koma taɓo. Ya sake kashewa.

Haka muka yi ta yi, a hau kaɗan, a sauka kaɗan, rana na dukanmu. Can ya sami wurin da jirgin ke tafiya in an miƙe, amma da ya karya kwana sai farfelar ta saki ruwa ta koma ihu. Ya fito da ita, mai fukafukai uku ce, ya ɗauko wata mai huɗu daga buhu. Ya zauna a bakin ruwa ya ɗora ta a kan dutse, yana bugun bakin kowane fiffike da ƙaramar guduma a hankali, har ya ɗan lanƙwashe kamar bakin cokali. Ya ce haka za ta riƙe ruwa ko da akwai kumfa. Ya ɗaura ta, ya zura 'yar ƙusar da ke riƙe ta, ya nuna mini wata irinta guda ɗaya da ta rage a aljihunsa. Ita wannan ƙusa an yi ta ne don ta karye in farfela ta daki wani abu, ta fanshi injin.

Da ya ba shi wuta sai jirgin ya ɗaga kai, ya daidaita, ya shiga gudu a kan ruwan da nake hango ciyawa a ƙarƙashinsa. Wallahi sai da na riƙe benci da hannu biyu. Muka zagaya muka dawo, masu kwalekwale duk sun miƙe tsaye, dattijon nan ya riƙe haɓa. Ƙanena ya ɗauki ƙusa ya ja layi a jikin faifan, daidai inda injin ya tsaya. Muka bar direba da mota, muka kama hanya.

Tafiyar zuwa ba ta da wata matsala, sai tsoron da ni kaɗai nake ji. Mun bi ta kan gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, muka wuce wata rumfar gona da kanta kawai ya rage, wani zakara na tsaye a kai, Allah kaɗai ya san yadda ya hau. Gulbin na tsakiya, ruwansa ja, yana gudu da rassan itace. Ni dai na rufe ido ina salati har muka fita daga cikinsa muka koma fadama ta ƙetare. Kafin azahar muka hango rumbunan ƙauyen a kan tudu.

Muna isa ƙanena ya ce shi zai tsaya wurin jirgi, wai yana son ya duba wani abu. Na san ba abin da zai duba, gidan surukai ne ba zai shiga ba. Ni na shiga, na durƙusa na gaida mahaifin yarinyar, wani malami mai sanyin magana da ke zaune a zaure da littattafansa. Aka kawo mini fura mai sanyi da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya, da kifi wanda ko a Sakkwato ban ci irinsa ba. Na ce sauri muke, malam ya ce ai ko mai sauri yana cin abinci. Aka aika wa mai jirgi nasa can bakin ruwa, daga baya na ga kwanon yadda aka kai shi.

Can aka fito da yarinyar. Tana tafe a hankali tsakanin mahaifiyarta da goggonta, ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe, tana yi tana tsayawa. Mahaifiyar, wato surukar ƙanena, mace ce mai jiki, doguwa, mai kwarjini. Goggon ma ba baya ba. Mijin yana hango su ya durƙusa cikin taɓo ya sunkuyar da kai yana gaisuwa, surukar ta amsa tana kallon wani gefen. Aka zubar da buhunan yashi don a sami wuri. Aka loda kaya: ƙullin tufafi, tukunya, buhun gero, ƙwarya, har da turmi ƙarami.

To a nan abin ya faru, kuma a gabana ya faru ban gane ba. Matan suka shiga, suka dubi bencin baya inda surukinsu zai zauna da injinsa, suka wuce shi. Suka wuce na tsakiya ma. Can ƙuryar gaba suka tafi, iyakar nisan da jirgin zai ba su, suka shimfiɗa tabarma a ƙasa, suka kwantar da yarinyar, kanta a cinyar uwar, suka juya mana baya. Kayan ma suka jawo kusa da su. Ni har cikin raina na yaba, na ce ga mutanen da suka san ya kamata. Da hannuna na miƙa musu turmin.

Malam ya yi mana addu'a, aka tura mu. Ƙanena ya ba inji wuta, sai ihun nan na safe ya dawo. Kumfa a baya, jirgi na jan ciki da ƙyar. Na dubi layin da ya ja, injin na nan daidai inda yake. Na ce masa me ya faru, ya ce ba komai. Ya warware jak ɗin ya sauke injin ƙasa da layi, jirgin ya ɗan tafi, kansa na tura ruwa kamar garma. Muka bar ƙauyen a baya a haka. Can ihun ya sake dawowa, ya ƙara saukewa. Na ga zufa na ɗiga daga haɓarsa. Na ce ba kai ka ce in ya sauka zai taɓa yashi ba? Ya ƙara ba inji wuta.

Muna tsakiyar fadama, ba ƙauye ba gulbi, sai ji muka yi ƙwas. Injin ya yi wata ƙara mara nauyi, jirgin ya tsaya. Ƙusar ta karye. Ya dira cikin ruwan, bai kai masa cinya ba, ya kwance farfelar, ya zura ƙusar ƙarshe. Ya mayar da injin kan layi, ya hau, ya tayar. Ihu. Na duba fitsarin na ga ya koma ɗigo, sannan ya ɗauke gaba ɗaya, wani warin zafi ya taso. Na daka masa tsawa ya kashe.

Shiru ya sauka. A cikin shirun nan ne na ji wani nishi daga gaba, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya cusa mayafi a baki. Goggo ta juyo rabi ta ce mini, "Malam, tun da sahe abin ya taso mata. Ba ta faɗi ba sai yanzu." Na ɗaga kai kuma ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na ɗauki gora na gwada turawa, jirgin ƙarfe da mutum biyar da kaya, ya matsa kamar taku ɗaya ya tsaya.

Na matsa kusa da ƙanena na ce, cikin raɗa, ya gaya mini gaskiya me ya lalace.

Ya ce, "Yaya, ba abin da yal lalace. Nauyi na yay yi gaba. Bayan jirgin ya tashi, kwararo bai samun ruwa."

Na ce, "Tun yaushe kas sani?"

Ya ce, "Tun da sunka zamna."

Ban san lokacin da na damƙi wuyan rigarsa ba. Tun daga bakin ƙauye ya san abin da ke faruwa. Ya gwammace ya yi ta sauke inji, ya karya ƙusa, ya kusa ƙone injin, da ya ce a gyara zama. Na ce masa kai mahaukaci ne? Ya dube ni idanunsa sun cika da hawaye ya ce, "Mi za ni ce, Yaya? In ce ma Inna ta taso ta zamna kusa gare ni?"

Na sake shi. Na ce to ni zan faɗa. Na miƙe, na jawo buhun gero da turmi da tukunya na dawo da su baya, ina fatan su isa. Ya tayar, ya kashe, ya girgiza kai. Ba su isa ba. Na juya wajen matan, na buɗe baki, kuma ga abin da ya fi komai girgiza ni a tafiyar nan: maganar ta ƙi fita. Ni da na gama zagin yaro yanzun nan. Bayan matar nan kawai nake kallo, surukar gidanmu, wadda ban taɓa haɗa ido da ita ba, ina neman yadda zan ce mata ta tashi ta zo ta zauna gwiwa da gwiwa da mijin 'yarta. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Yarinyar ta sake yin nishin nan, wannan karon ya fi tsawo. Sai na ji bakina yana magana da goggo, da ƙarfi, ina kallon ruwa. Na ce, "Goggo, wai shi jirgin ga, haka aka yi shi. In mutane sunka taru gaba, injin bai samun ruwa. Sai nauyi ya komo baya yaka tahiya."

Goggo ta dubi matar wanta. Na ga bayan surukar ya ƙame. Ba ta juyo ba, ta daɗe a haka, ko kuma ni ne na ga daɗewar. Sannan ta ɗaga kan 'yarta a hankali daga cinyarta, ta ce wa goggo, "Kama tabarmar." Suka ja yarinyar da tabarmarta har tsakiyar jirgin. Goggo ta zauna a bencin tsakiya ta riƙe ta. Ita kuwa uwar ba ta tsaya nan ba. Ta dafa gefen jirgi, ta taho da rarrafe, ta wuce ni, ta hau bencin baya ta zauna, gwiwarta na kusan taɓa ta surukinta. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Na ji bayan jirgin ya nutsa a ƙarƙashina.

Daga cikin mayafin ta ce, ba da kowa ba, "A ce ma mai jirgi ya tada injinai."

Mai jirgi na nan kusa da ita, ya karkace jiki har yana neman faɗawa ruwa. Ya ja igiya. Injin ya kama da wata murya mai kauri, fitsarin ya tsarto, farfela ta ciji ruwa, jirgin ya ɗaga kai ya daidaita. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji irin na ranar ba. Muka ratsa fadama, muka faɗa gulbi muka fita, ban ma tuna da rufe ido ba. Duk tsawon tafiyar shi yana kallon dama, ita tana fuskantar hagu, ba wanda ya motsa. Yayyafi ya fara dukanmu daidai lokacin da muka hango akori-kura.

Masu kwalekwale suka shigo ruwa suka kama jirgin, ba wanda ya yi dariya wannan karon. Muka bar musu amanarsa. Aka sa yarinyar da uwarta a gaba, mu da goggo muka hau baya cikin ruwan sama. Direban nan mai surutu bai ce uffan ba har Tambuwal, kuma ramukan da ya yi ta faɗawa da safe duk ya san yadda ya kauce musu. A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suna dubawa suka wuce da ita ɗakin tiyata. Bayan magariba wata ma'aikaciya ta fito ta ce an ciro 'ya mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ta ƙara da cewa mun yi sa'a, da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake yi ba. Na nemi ƙanena in yi masa barka na rasa, ashe yana can bayan katanga ya haɗa kai da gwiwa.

Washegari ya rako ni tasha yana riƙe da jakata. Ban yi niyyar tayar da maganar ba, amma ta ƙi barina. Na ce masa, tsakaninka da Allah, da ban yi magana ba, da ita kuma ba ta taso ba, me za ka yi? Ya ajiye jakar a ƙasa. Can ya ce, "Da na sauka na tura jirgin, Yaya." Na ce har ina? Ya ce har bakin mota. Na dube shi na ga ba wasa yake ba, da gaske zai shiga ruwan nan ya yi ta turawa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma da bai isa da ita a kan lokaci ba. Na shiga mota ban san ko in rungume shi ko in mare shi ba.

Na iso gida Sakkwato da la'asar, rigata duk jirwayen taɓo. Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan bai da daɗin faɗa. Kunya tarbiyyarmu ce, da ita aka rene ni, kuma ba na fatan ta ɓace daga gidajenmu. Amma na ga ranar da ta kusa cin rai biyu a cikin jirgin da kowa na cikinsa yana ƙaunar yarinyar nan, kuma ni mai yawan baki ina cikin waɗanda ta ɗaure. Da na gama ba matata labarin, na ce mata ta gaya wa mahaifiyarta tun yanzu, duk ranar da wata larura ta taso zan yi mata magana kai tsaye, ta yafe mini tun kafin ranar ta zo. Matata ta ajiye kwanon da ke hannunta ta dube ni ta ce, "Kai da in ta kira wayata kana ɗaki sai ka fita waje?"